Ranar da Waya Ta Shiga Bayan Tamfol

Duk wanda ya saba zuwa filin sukuwa ya san Tawada. Gajeren mutum ne mai sanƙo, da tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi, kuma a duk rigunansa babu wadda aljihun ƙirjinta bai rine ya koma shuɗi ba. Biro ne ke yi masa wannan ɓarna. Sai ya soka shi a aljihu ba murfi, ya manta, har ya iso gida matarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ita ma wannan ta bi 'yan uwanta," takan ce. "Ni dai ban san abin da riguna suka tare maka ba."

"Shaidar aiki ce, uwar yara."

"To ka riƙa wanke shaidarka da hannunka."

Shi ba ɗan gidan dawaki ba ne. Sau ɗaya tak ya taɓa hawa doki, kuma dokin ne ya zaɓi inda za a sauka. A maɗaba'a ya fara, yana duba kurakuran rubutu kafin a buga, har mai wata 'yar mujallar dawaki da ake kira Kofato ya lura cewa wannan ma'aikacin ba dubawa kawai yake yi ba, karantawa yake yana jin daɗi. Ya ɗauke shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan.

Sau ɗaya a wata mujallar ke fitowa. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon masu ɗinkin kujeru, da fanka mai kwashe takardu in an kunna ta, shi ya sa kowane tulin takarda a kan tebur an danne shi da tsohon takalmin doki. A nan yake zama ya rubuta wanda ya zo na ɗaya da wanda ya zo na ƙarshe, da dokin da ya haifi wane, da maganin ciwon kofato, da mutumin da ya rabu da goɗiyarsa yana hawaye. Shafin ƙarshe kuwa na dawakin da suka mutu ne. Nan ya fi daɗewa. Wani lokaci layi goma kan ci masa kwana uku.

Yana da ƙa'ida ɗaya da bai taɓa karyawa ba. Kofato ba ta buga hoton doki a kwance, shi kuma ba ya rubuta yadda doki ya yi shure-shuren mutuwa. A filin sukuwa, idan doki ya yi faɗuwar da ba tashi, ma'aikata kan rugo da wani koren tamfol mai sanduna su zagaye shi, don kada jama'a su ga abin da likitan dabbobi zai yi. Ba mai shiga ciki sai likita da mai kula da dokin. Sai kuma Tawada. Abin ya samo asali ne tun wata rana da aka rasa wanda zai riƙe kan wani doki, shi kuma yana kusa, ya shiga ya durƙusa ya riƙe. Da mujalla ta fito likita ya bi ta shafi-shafi, bai ga ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru a ciki ba. Tun daga nan, da masu tamfol sun hango shi sai su ɗaga masa gefe. Hannunsa ma ya haddace aikin: doki na faɗuwa, biro ya koma aljihu, shi kuma ya ruga. A wurinsa, abin da ya shiga aljihu ya tashi daga aiki ke nan.

Wanda ya laƙaba masa sunan Tawada shi ne Tsohon Barga, wani dogon dattijo da ya ɗan ranƙwafa, wanda ya shekara arba'in da 'yan kai yana kwashe kashin dawaki, yana yi musu wanka, yana ɗaura musu sirdi. Karatunsa bai yi nisa ba. Saboda haka duk ƙarshen wata Tawada kan kawo masa sabuwar mujalla har barga, ya kife bokiti ya zauna, ya karanta masa daga bango zuwa bango. Tsohon yana tsefe gezar doki yana saurare, jira kawai yake a yi kuskure.

"Tsaya nan. Wa ya ce maka shekararsa shida?"

"Mai shi ne ya faɗa."

"Mai shi dai ya san shekarun motarsa. Buɗe bakin dokin ka duba haƙori. Kai Tawada, da za a matse ka, ko cokali ɗaya na sanin doki ba za a samu ba, sai shuɗi."

"Ai shi ya sa nake zuwa makaranta wurinka. Ga shi har yau ka hana ni takardar shaida."

"Sai ka ci jarrabawa tukuna."

Akwai shekarar da Tsohon ya kama babban kuskure: an jingina wa wani doki uban da ba nasa ba, kuma mujallar ta riga ta shiga gari. Tawada ya hau kekensa ya bi shagunan jarida da gidajen masu dawaki ɗaya bayan ɗaya, kwana huɗu, ya karɓo kwafi ɗari uku ba bakwai. Ya zauna ya manna gyara a kan kowanne da hannunsa, ya mayar wa masu su. Bakwai ɗin da suka kuɓuce masa har gobe yakan ambace su. Tsohon bai yabe shi ba. Amma ran nan ya miƙa masa kofin shayinsa ya sha, abin da bai taɓa yi wa kowa ba.

A cikin duk dawakin da suka bi ta hannun Tsohon, akwai ɗaya da ba ya haɗa shi da kowa. Jan doki ne mai farin gashi a ƙafar dama ta baya, kamar ya taka fenti. A hannunsa aka haife shi. A takarda na wani ɗan kasuwa ne, amma ɗan kasuwan sai ranar sukuwa yake ganinsa. In an saki dawaki sai ya maƙale a baya kamar wanda aka aika ba ya so, sai an zo kwanar ƙarshe ya miƙe wuya ya riƙa wuce su ɗaya-ɗaya. 'Yan kallo suka sa masa Bari-Su-Gaji. Duk da haka matsoraci ne, ƙarar kwano ma firgita shi take yi. In ya firgita, Tsohon kan rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ya kai baki kusa da kunnensa ya ce, "To, to. Ya isa. Ga ni nan." Tawada ya ji wannan ya fi sau dubu.

Abu biyu suka zo kusan tare. Wata safiya Tsohon ya sunkuya zai ɗauki bokiti, ya kasa ɗagowa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallame shi daga asibiti, 'yarsa Auta ta ɗauke shi zuwa gidanta can ƙarshen gari, ta ba shi ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabta. Magana ta dawo masa a hankali, ba ƙarfi, amma hannu da ƙafa ba su dawo ba. A cikin watan ne kuma mai mujallar ya rasu, 'yarsa ta gaji kujerar.

Edita, kamar yadda kowa ya koma kiranta, a gaban Tawada ta girma, Kawu take ce masa. Ba ta yi wata shida a kujerar ba ta kira shi ta tura ƙofa.

"Kawu, zamanin takarda ya wuce mu. Kafin mu buga wanda ya ci tsere, mutane sun gani a waya, sun yi gardama a kai, sun manta."

"Masu wayar nan sun san uban dokin?"

"Ba su sani ba, kuma ba wanda ya tambaye su. Dubi nan."

Ta nuna masa shafukan sada zumunta masu dubban mabiya. Babu komai a ciki sai faɗuwa: doki ya kife, doki ya yar da mahayi, an maimaita sau uku an sa kiɗa. Ya cire tabaraunsa ya bar shi yana lilo a ƙirji.

"Ba irin wannan nake so mu yi ba," in ji ta. "Amma can mutanen suke. In ba mu je mun tsaya a cikinsu ba, waɗannan ne kaɗai za su riƙa ba da labarin dawaki."

Wannan maganar ce ta kama shi. Kofato ta koma shafi a intanet. Ya ci gaba da rubutunsa dogo-dogo, Edita tana datsewa, yana fushi, tana ba shi haƙuri. Ta kawo masa waya mai faɗi, ya fi wata guda yana danna ta da ƙarfi kamar mai kashe kiyashi. Daga baya ta nuna masa abin da ake kira kai tsaye: ka danna jan maɓalli, ka ɗaga waya, duk wanda ya buɗe shafin yana ganin abin da kake gani a daidai lokacin. Ta nuna masa yadda ake kashewa ma, har sau biyu. Ya ce ya gane. Alhali hankalinsa ya riga ya tafi ɗaki mai taga ɗaya.

Washegari da hantsi ya isa gidan Auta.

"Tsoho, ranar Asabar za ka ga ɗanka yana gudu."

"A ka za ka ɗauke ni? Ka ga wuyanka kuwa?"

"Daga nan kan gado. Ni ina riƙe da waya a can, kai kana kallo a nan."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. Wata bakwai rabonsa da dokin.

"Zai ji ni in na yi masa magana?"

"A'a. Kai ne za ka ji shi."

"To ai rabin abu ne. Kayanku na zamani kullum rabi-rabi." Amma ya sa Auta ta nemo masa hularsa ta zuwa fili ta wanke.

Suka gwada da wayar Auta. A gefen hagu na gadon, inda hannunsa mai lafiya yake, hoton sai ya riƙa tsayawa yana kewaya. A kan tagar da ke dama kuwa fes yake fitowa. Tawada da kansa ya jingina wayar a jikin kwalbar magani a kan tagar, ya ce wa Auta ranar Asabar ta ajiye ta daidai nan, kada ta matsar ko kaɗan.

Asabar ta zo da rana mai kyau. A tsere na huɗu dokin zai fita. Tawada ya tsaya a bakin shinge inda ya saba tsayawa da littafinsa, ya danna jan maɓalli, ya ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata.

"Tsoho, kana gani? Ga shi can, na uku daga hagu, yana taunar linzami kamar ba a ba shi abinci ba."

Aka sake su. Bari-Su-Gaji ya yi halin nasa, ya zauna a baya, 'yan kallo na dariya suna kiran sunansa. Aka zo kwanar ƙarshe. Ya miƙe wuya, ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Yana gab da na uku, ƙafarsa ta gaba ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Mahayin ya wuntsila gefe, ya mirgina, ya tashi zaune riƙe da kafaɗa. Dokin ya yunƙura zai miƙe, ya koma.

Tawada bai yi tunani ba. Hannunsa ya yi abin da ya shekara talatin yana yi: ya soka abin da yake riƙe da shi a aljihun ƙirji, ya tsallake shinge ya ruga. Aljihun don biro aka ɗinka shi. Wayar ta fi shi tsawo da yatsa biyu, kuma a daidai yatsa biyun nan idonta yake, yana kallon gaba.

Masu tamfol suka ɗaga masa gefe kamar kullum. Sabon mai kula da dokin yana tsaye ya rasa abin yi, dokin bai gama sabawa da shi ba, sai fizge kai yake yana buga shi da ƙasa. Tawada ya durƙusa, ya ɗora kan a cinyarsa, ya rufe idon da tafin hannu. Ba shi da wata magana tasa ta kansa da zai yi wa doki. Sai ya ari wadda ya sani.

"To, to. Ya isa. Ga ni nan."

Likita ya duba ƙafar, ya girgiza kai, ya buɗe jakarsa. Wani abu na ta rawa a ƙirjin Tawada, ya tsaya ya sake, ya tsaya ya sake. Ya ɗauka zuciyarsa ce. Ya ci gaba da maimaita kalmomin har numfashin da ke dukan gwiwarsa ya fara nisa da juna, har ya daina zuwa. Minti goma sha ɗaya aka yi a ciki. Likita ya miƙe yana goge hannu, idonsa ya sauka a ƙirjin Tawada, ya tsaya cak.

"Tawada, abin nan da ke leƙowa daga aljihunka, a kashe yake?"

Ya zaro ta. Jan ɗigon yana nan yana ƙyaftawa. A ƙasa rubuce-rubucen mutane na ta hawa sama kamar tururuwa, wasu na addu'a, wasu na zagi, wasu na kiran abokansu su zo su gani. Ya danna, ya sake dannawa, ta ƙi mutuwa. Likitan ne ya karɓa ya kashe, ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba. Nan take kiran Edita ya shigo, na goma sha huɗu. Tana cikin motar haya cunkoso ya riƙe ta, tana cewa yanzu-yanzu za ta goge. Bai ji sauran ba.

Mota biyu ake hawa zuwa gidan Auta. A ta farko ya yi ta gaya wa kansa wataƙila hoton ya tsaya, ai yakan tsaya. A ta biyu ya ce wataƙila Auta ta kashe tun daga faɗuwar. Mutumin da ke kusa da shi yana kallon waya, sai ya ji muryar kansa tana fitowa daga cikinta, siririya, tana cewa ga ni nan. Ya sauka tun ba a kai tasharsa ba, ya ƙarasa da ƙafa.

Auta ce ta buɗe masa, idanunta sun yi jawur.

"Baba Tawada, tukunya na bari a wuta. Na ga an fara lafiya, yana ta dariya, na ce bari in leƙa in dawo. Sai maƙwabciya ta tsare ni da magana a bakin ƙofa. Ya yi ta kirana ban ji ba, ka san muryar ba ta fita. Da na shigo na same shi ya kusa faɗowa daga gado, yana miƙa hannun hagu wajen tagar, bai kai ba."

Tsohon yana kwance da wankakkiyar hularsa a ka. Tawada ya yi sallama, aka amsa. Babu bokitin kifewa, sai kujerar roba, ya zauna a bakin-bakinta.

"Tsoho."

"Sannu da zuwa, malam ɗan jarida."

Tunda suke bai taɓa kiransa haka ba.

"Ban san tana kunne ba. Aljihu na sa ta. Na ɗauka..."

"Na sani. Na ga sama, na ga ƙasa, na ga takalminka yana gudu. Na ce sakaran nan ya manta." Ya huta, don magana na cin ƙarfinsa. "Da aka ɗaga tamfol na rufe ido. Shekara arba'in ina shiga wurin nan, na san abin da ke ciki. Amma kunne ba shi da murfi."

Tawada ya sunkuyar da kai.

"Na ji ka ari maganata."

"Ita kaɗai na sani."

"Da ka faɗa, ya yi shiru. Na ji ya ja iska ta hanci sau biyu. Shinshinawa yake. Ya san ba ni ba ne." Ya sake hutawa. "Ni kuma ina nan ina ta amsa masa. Ka riga ka ce ba ya ji, amma na yi ta amsawa."

A waje wani mai gyaran babur yana ta ba injin wuta yana kashewa.

"Mutum nawa suka gani?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"Yana kwance. Yana shure-shure." Ya juya fuskarsa wajen bango. "Dokin da ya zo na ɗaya sau goma sha tara. To je ka tattaro hotunan. Ai ka taɓa yi. Hau kekenka ka bi su gida-gida ka karɓo. In ka gama ka dawo."

Tawada ya miƙe tsaye. Ya ce to.

Ya kuwa gwada. Wannan ne abin da masu cewa da gangan ya yi don shafin Kofato ya yi suna ba su sani ba. Edita ta goge nasu tun ranar, ta rubuta ban haƙuri, amma kafin ta goge wasu sun kwafe. Kwana goma sha biyu suna zaune a ofis, ita tana nemo shafukan, shi yana rubuta wa kowanne saƙo da yatsa ɗaya, da gaisuwa da komai kamar wasiƙa: ni ne na ɗauka, kuskure ne, akwai dattijo marar lafiya da ya reni dokin nan, don Allah a cire. Wasu suka cire, har da yi masa jaje. Wasu ba su amsa ba. Wani ya aiko masa da hoton fuska mai dariya. Wani kuma ya yanko daidai wurin da yake cewa ga ni nan ya ɗora masa kiɗa mai taushi, wannan ya fi duk sauran yawo. In sun samu an cire ɗaya da safe, kafin azahar uku sun tsiro. Ya buɗe littafinsa yana jera sunayen shafukan, yana soke waɗanda suka cire, har ya ga jerin na ƙaruwa ta ƙasa fiye da yadda yake raguwa ta sama.

Mabiyan Kofato kuwa suka ninka sau goma. Edita ta gani, shi ma ya gani. Ran na goma sha biyu ta rufe kwamfutarta.

"Kawu, ba za su taru ba. Ba kwafi ɗari uku ba ne. Laifina ne, ni na damƙa maka abu ban tsaya na ga ka iya ba."

"Ke kin nuna mini har sau biyu," ya ce. "Hannuna ne bai je ajin ba."

A filin sukuwa ba wanda ya kore shi, ana gaisawa da shi kamar da. Sai dai a Asabar ta uku wata goɗiya ta faɗi, ya ruga yadda ya saba, ya iso. Masu tamfol suka dube shi, suka dubi juna, ba wanda ya ɗaga gefe. Ya zazzage musu aljihunsa, ba komai sai tsohon shuɗi. Babbansu ya ce, "Yi haƙuri, Baba. Umarni ne." Ya tsaya a waje cikin sauran jama'a, yana jin kan goɗiyar na bugun ƙasa.

A gida matarsa ta lura riguna sun daina ɓaci. Ta wanke, ta goge, ta jera. Sannan wata safiya ta ajiye masa biro kusa da kofin shayi.

"Ni ban ce ka daina ɓata su ba," in ji ta. "Cewa na yi ka riƙa wankewa. Dokin nan har yau ba a yi masa shafin ƙarshe ba."

Ya rubuta da hannu, a takarda mai layi, kwana biyar. Bai sa faɗuwa ba. Ya sa ranar da aka haife shi ana ruwan sama, da tsoron ƙarar kwano, da yadda yake satar dusa daga buhu in an juya baya, da tsere goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, da mutumin da ya rene shi. Da ya zo kwatanta kamanninsa sai ya dakata, biro a sama, ya daɗe. Sannan ya rubuta cewa farin gashin a ƙafar hagu yake. Ya san ta dama ce kamar yadda ya san hannunsa. So yake a ce masa tsaya nan. So yake a ce da za a matse shi ba abin da zai fito sai shuɗi.

Ƙarshen wata ya je. Tsohon ya rame. Hular tana rataye a ƙusa, tagar ba komai a kanta sai kwalbar magani.

"Ka tattaro?"

"Ban iya ba, Tsoho. Ba sa taruwa."

"Na sani. Mai zuwa yi mini allura ma ta nuna wa Auta, ba ta san namu ba ne."

"Na yi masa shafinsa. In karanta?"

"Karanta."

Ya karanta a hankali. Da aka zo wajen satar dusa, gefen bakin Tsohon mai motsi ya ɗan ɗaga. Da ya iso ƙafar hagu ya ja kalmar, ya tsaya kamar mai gyara tabarau, ya jira. Fanka na ta juyawa. Tsohon na kallon silin. Ya ƙara jira kaɗan. Sannan ya ci gaba har ƙarshe.

"Ya yi kyau, malam," in ji Tsohon. "Allah ya saka da alheri. A gaida gida."

Ya ninke takardar ya fito. Yana bakin titi yana jiran mota sai ya ji takun silifa a bayansa. Auta ce, tana gyara mayafi tana haki.

"Baba ya ce in gaya maka, ƙafar dama ce."

Tawada ya dafa ƙarfen fitilar titi.

"Haka ya ce? Faɗa mini daidai yadda ya faɗa."

"Ya ce ƙafar dama ce, ta baya, kuma ka sani."

"Da wane suna ya kira ni?"

Auta ta dubi ƙasa. Ba ta iya ƙarya ba, ubanta ta gado.

"Cewa ya yi, bi mutumin nan ki gaya masa."

Mota ta zo ta tsaya, kwandasta ya yi kira ya gaji, ta tafi ba shi. Ya warware takardar, ya dafa ta a jikin katangar wani shago, ya soke hagu ya rubuta dama a samanta. Ya ce wa Auta ta gaya masa an gyara.

Har yanzu yana rubuta wa shafin Kofato, amma wayar a aljihun tebur take kwana, wani ne ke ɗaukar kai tsaye. Duk ƙarshen wata kuma yakan hau motocin nan biyu da takarda ɗaya rubutun hannu, labarin dawakin barga, wanda ya warke da wadda ta haihu. Yakan zauna a bakin kujerar roba ya karanta, a ce masa ya yi kyau, malam. Kullum akwai kuskure ɗaya da ya dasa a ciki. In ya fito ba ya hawa motar farko. Yakan tsaya a jikin fitilar titin yana sauraren takun silifa.